Gardamar kwanson harsashi da abin da ta tono a ofishinmu



Waɗanda suka halarci zaman watan jiya sun san ba a tashi da wuri ba. Ba kuɗin wata ne ya riƙe mu ba, ba kuma maganar gyaran rufin ofis ba, duk an gama waɗannan tun kafin isha'i. Gardama ce ta ɓarke bayan mun rufe littafi, ana jiran mai shayi ya kawo na ƙarshe. Wani yaronmu mai sana'ar POS a Mokola, wanda kowa ya san ba ya rabuwa da YouTube, shi ya tayar da ita. Ya ce ya kalli Turawa masu gasar harbi suna cewa sirrin harsashi yana jikin kwansonsa. Wai kwanso gajere mai ƙiba, mai kafaɗa a tsaye, shi ke kai harsashi inda aka auna, dogo siriri kuwa sai dai a yi ta addu'a.

Mun zaci za a yi dariya a wuce. Sai Baba Saje ya ajiye kofinsa. Duk mun san Baba, tsohon soja ne da ya yi ritaya ya zauna cikinmu, shi ke kula da masu gadin kasuwa idan an samu saɓani, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya ce wa yaron, kai da ba ka taɓa jin ƙarar bindiga kusa da kunnenka ba, kai za ka faɗa mana kwanso? Ya karɓi biro daga hannunmu, ya juya bayan rasit ɗin ƙungiya, ya zana kwanso biyu. Ɗaya dogo miƙaƙƙe, ya ce wannan na FN ne da G3, harsashin maza. Ɗayan gajere, ya tsuke daga gindi zuwa sama kamar karas, ya ce wannan na AK-47 ne, kuma wannan tsukewar ita ke sa shi yawo a iska kamar ɗan akuyar da ya tsinke igiya. Ya ce ga gajeren nan da kake yabo, shi ne mafi ƙarya a cikin harsasai.

Abin mamaki, su biyun sun yarda da abu ɗaya ba su lura ba: cewa siffar kwanso ce ke yanke hukunci. Sun saɓa ne kawai a kan wace siffa. Murya ta ɗaga, har wasu suka fara rabuwa gida biyu, matasa bayan yaron, dattawa bayan Baba. Shugaba ya buga tebur ya ce tunda sakatare ne mai riƙe da biro, sakatare ya je ya bincika ya kawo wa zama amsa. Haka aka ɗora mana kaya, mu da karatunmu na harkar ofis ne, ba na bindiga ba.

Kafin mu ci gaba, mu tuna wa kowa: wannan maganar sani ce, ba gayyata ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja cikin jerin waɗanda aka haramta wa farar hula, kuma ko bindigar farauta sai da lasisi. Kada wani ya ce zai kawo mana kwanso ofis don a gwada misali. Zanen Baba a bayan rasit ya isa.

Mun yi mako uku muna karatu a waya bayan an kwanta, data ta sha wahala. Abin da muka fara fahimta shi ne, abin da muke kira harsashi a dunƙule kaya huɗu ne. Akwai ƙwayar da ke fita ta tafi. Akwai albarushin da ke ƙonewa ya tura ta. Akwai ɗan ƙyastu a gindi wanda allurar bindiga ke duka ya ba da wuta. Sai kwanso, wanda ya haɗa ukun wuri ɗaya. Galibi da tagulla ake yin sa, jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, ko da yake Rasha da Sin sun daɗe suna yin nasu da baƙin ƙarfe don araha. Babban aikinsa shi ne toshe baya. Idan albarushi ya kama, kwanso na kumbura ya manne da bangon mazauninsa a cikin bindiga, don kada wuta ta dawo fuskar mai harbi. Ƙarfin da ke ciki ba wasa ba ne. Mai faci yana ba tayar ƙaramar mota iska 32 ko 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin, abin da ke taruwa cikin kwanson babbar bindiga yana kai wa wajen 60,000, kuma kafin ƙiftawar ido ta yi nisa ƙwaya ta riga ta bar bututu.

To a nan tambaya ta fara yi mana daɗi. Kwanso ba ya tafiya ko'ina. Ƙwaya ce ke tashi, shi kuwa ya faɗi gefen ƙafar mai harbi. Ta yaya abin da ya rage a gida zai san inda matafiyi ya sauka? Hanya uku ce kawai. Yadda yake sa albarushi ya ƙone, yadda yake riƙe ƙwaya ta shiga bututu a miƙe ko a karkace, da kuma yawan albarushin da cikinsa ke ɗauka. Biyun farko su ne maganar siffa. Na ukun maganar girma ce, kuma ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Yaronmu bai ƙirƙiri maganarsa ba. A Amurka akwai wata gasa da ake yi daga kan benci. Ana ɗora bindiga mai nauyi a kan matashi na musamman, gaba da baya, mutum ba ya ɗaukarta, kunamar kawai yake taɓawa. Ba a tambayar wa ya sami tsakiya. Abin da ake aunawa shi ne harbi biyar su taru wuri ɗaya, a nisan yadi 100 ko 200, kuma wanda hujinsa ya fi ƙanƙanta shi ya ci. A tsakiyar shekarun 1970 wasu mutum biyu, wani likita Louis Palmisano da wani maƙerin bindiga Ferris Pindell, suka fito da harsashin da ake kira PPC, daga farkon sunayensu. Gajere ne, mai ƙiba, jikinsa kusan a miƙe, kafaɗarsa na da kusurwar digiri 30, ƙyastunsa ƙarami, hujin da wuta ke bi ta shiga albarushi shi ma ƙarami. Cikin 'yan shekaru ya kori kusan kowa daga wannan gasa, kuma har yau mai milimita 6 ɗin shi ne aka fi gani a hannun masu cin kofi.

Bayanin da suke bayarwa kowane mai suya a Sabo zai gane shi. Idan ka tara gawayi wuri ɗaya ka sa wuta a tsakiya, yana kamawa kusan lokaci guda. Idan ka jera shi a dogon layi ka kunna daga ƙarshe, wani wuri ya yi ja wani bai ji ba, kuma yadda ya kama yau ba haka zai kama gobe ba. Suna cewa albarushin da ke cikin gajeren kwanso duk yana kusa da wutar ƙyastu, don haka ƙonewar harbi na farko da na biyar kusan iri ɗaya ce, gudun ƙwaya ma iri ɗaya. Kafaɗa mai tsayuwa kuma tana sa kwanso ya zauna daram a mazauninsa, ba ya yawan miƙewa idan an sake amfani da shi. Maganar tana da ma'ana, ba mu ga abin musu a cikinta ba.

Amma ga inda muka yi dariya mu kaɗai cikin dare har aka tambaye mu ko lafiya. Wannan PPC ɗin, sarkin gasar, jikan kwanson AK-47 ne. Rashawa sun fito da 7.62x39 a 1943. Daga baya suka tsuke wuyansa suka yi ƙaramin harsashin farauta da Turawan Yamma ke kira .220 Russian. Shi Palmisano da abokinsa suka ɗauka, suka miƙe masa jiki, suka tsayar da kafaɗa. Gindi ɗaya, tsawo kusan ɗaya. Wato harsashin da Baba ya kira mafi ƙarya da wanda yaron ya kira mafi gaskiya 'yan gida ɗaya ne. Kowannensu zai iya cewa wannan ya goyi bayansa: yaron ya ce ai gajarta ce, Baba ya ce ai sai da aka cire masa siffar karas.

Sai dai akwai shaidun da ba su goyi bayan kowa ba. Kafin PPC, harsashin da ke mulkin gasar benci shi ne .222 Remington, wanda ya fito a 1950, siriri ne mai dogon wuya. A 1973 wani mai suna Mac McMillan ya yi harbi biyar da shi a nisan yadi 100, wato mita 91, kuma tazarar da ke tsakanin hujin da suka fi nisa da juna ba ta wuce inci 0.009 ba. Ko rubu'in milimita bai cika ba. Ido zai ce huji ɗaya ne. Wannan bajinta ta yi shekara 40 ba a karya ta ba, sai a 2013, alhali duk tsawon wannan lokaci gwanaye suna ta harbi da gajeren kwanso mai ƙiba.

Akwai kuma wanda ya fi ba Baba amsa kai tsaye. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .300 H&H a 1925. In dai siffar karas ce laifi, to wannan ya fi kowa laifi, domin dogo ne, a tsuke, kafaɗarsa ma da ƙyar ake ganinta. A 1935 wani Ba'amurke, Ben Comfort, ya ci kofin Wimbledon da shi a Camp Perry da ke jihar Ohio, gasar da ake yi a nisan yadi 1,000. Sannan ga harsashin Rasha na 1891, mai leɓe a gindi irin na zamanin da, wanda har yau shi ake sa wa bindigar Dragunov ta maharban nesa. Duk dokokin da yaronmu ya ji a bidiyo wannan harsashi ya taka su, kuma ba a yi masa ritaya ba.

Abin da ya zauna mana a rai shi ne wannan. Siffa tana da tasiri, amma ɗan ƙarami ne ƙwarai, irin wanda ake aunawa da milimita ɗaya ko biyu a nisan mita ɗari. Ba ya fitowa fili sai an kawar da duk wani babban kuskure tukuna: bututu na musamman, ƙwaya da aka auna ɗaya bayan ɗaya, bindiga a kan benci, tutoci a fili suna nuna iska. A wurin mutanen da tazarar kaurin farce ke raba na ɗaya da na goma, wannan babban abu ne. A wurin sojan da ke kwance a ƙasa yana haki, da bindigar da ta wuce hannun mutum ashirin, harbinsa na watsuwa faɗin tafin hannu zuwa taƙi ko fiye. Milimita biyu a cikin wannan kamar gishiri tsunkule ne a randa.

Kuma ko a gasar bencin, mu dai muna zargin ba siffar ce kaɗai ke cin kofi ba. Waɗannan mutane ba sa sayen kwanso na kowa. Na kamfanin Lapua na ƙasar Finland suke nema, su zauna su auna nauyin kowanne, su ware wanda ya bambanta, su kankare wuyansa har kaurin bango ya zama ɗaya ta kowane gefe. Dalili shi ne idan gefe ɗaya na wuya ya fi kauri, ƙwaya za ta zauna a ɗan karkace, ta shiga bututu a karkace, ta fita tana rawa. Idan kuma cikin kwanso ɗaya ya fi na ɗan uwansa faɗi, gudunsu ba zai zo ɗaya ba, ɗaya ya sauka sama ɗaya ƙasa. Masu awo a Bodija sun san wannan tun kafin mu. Ba a rigima a kan ko kongo dogo ne ko mai faɗi, ana rigima ne idan na safe da na yamma ba ɗaya ba ne. Da zarar gwanaye duka sun koma kan harsashi ɗaya, maƙeran bututu suka zuba basirarsu a kansa, masu yin kwanso suka ba shi mafi kyawun tagullarsu, to dole ya ci gaba da cin gasa, kuma ba mai iya raba rabon siffa da rabon kulawar da aka ba shi.

Yaron ya ambaci wani 6.5 Creedmoor da ake ta talla. Kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007, kuma harsashi ne mai kyau. Amma dabarar kwansonsa ita ce an gajarta shi don a bar wa doguwar ƙwaya wuri, irin mai yanka iska, aka kuma haɗa shi da bututu mai saurin murɗa ta. Ƙwayar ce ke aikin, kwanso matsa mata ya yi. Sauran kuma kasuwa ce, mai sabon kaya dole ya ce tsohon ya gaza.

Ita kuwa siffar karas da Baba ya tsana, ba kuskure ba ce. Abin da ya tsuke yana shiga rami da sauƙi, yana kuma fitowa da sauƙi, ko da ƙura, ko da laka, ko bindiga ta yi zafi, ko kwanson na baƙin ƙarfe ne da ba ya komawa yadda yake bayan ya kumbura. Tsukewar nan ce ma ta sa gidan harsashin AK ya lanƙwashe kamar ayaba, domin in ka jera abu 30 masu faɗin gindi da tsukakken kai, layin dole ya karkata. Turawan Ingila ma haka suka yi tunani tun da can. Harsashin .303 da kakanninmu suka riƙe a bindigar Lee-Enfield a yaƙin Boma, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, shi ma a tsuke yake, don kada ya maƙale. Mai ƙera wa soja harsashi tsoronsa na farko kada bindiga ta ƙi tashi, maganar milimita tana zuwa daga baya.

Mun rubuta duk wannan a takarda shafi biyu, muna jin daɗin kanmu, muna jiran zama mu karanta mu raba gardama: yaro ya yi gaskiya kaɗan, Baba ya yi kuskure da yawa. Ana saura kwana huɗu, da la'asar sakaliya, sai ga Baba a ƙofar ofis shi kaɗai. Bai saba zuwa ba sai ranar zama. Muka ba shi kujera, ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, Sakatare, an ce ka gama binciken. Muka ce kusan haka, Baba. Ya ce to kafin ka karanta wa jama'a, karanta mini.

Bai bari mun fara ba. Shi ya yi magana, kuma daga baya ya yarda mu rubuta, da sharaɗin kada a sa suna, nasa ko na mamacin.

Yana cikin sojojin da suka sauka Monrobiya da rundunar ECOMOG a 1990. Tun daga horon kurtu a Zariya har zuwa lokacin, bindigar da hannunsa ya sani ita ce mai dogon harsashi. Wata rana tasa ta samu matsala, aka miƙa masa AK ya riƙe kafin a gyara. A ranar ne aka ce su tsallaka wani titi, shi aka bari ya tsare musu baya. Ya hango mutum a saman wani bene, ya ƙiyasta nisan zai kai mita 300. Ya ga mutumin kafin mutumin ya ga masu tsallakawa. Ya auna, ya harba sau uku. Ya ce yana ganin ƙura na tashi a jikin bango, ƙasa da inda mutumin yake. Na huɗu a layin masu tsallakawa ɗan garinsu ne, tare suka shiga soja, mahaifiyarsa ce ta raka su tasha su biyu. A titin ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Baba ya ce shekara talatin da wani abu ke nan, duk wanda ya tambaye shi yana cewa harsashin ne. Haka ya faɗa wa mahaifiyar da ya je ta'aziyya. Haka yake faɗa wa kansa idan barci ya ƙi zuwa. Ya ce, yanzu yaron nan ya zo yana cewa gajeren ne ma mai kyau. In haka ne, to ni ne ke nan.

Muka dubi takardarmu mai shafi biyu, sai ta zama mana wata iri. Mun ɗauka gardamar majalisa muke sasantawa. Ba mu san mun yi mako uku muna sassaƙa sandar da za mu doki dattijo da ita a gaban jama'a ba. Ƙarya ba za mu yi masa ba, domin da ya gane, kuma ba don a lallashe shi ya zo ba. Amma gaskiyar da muka shirya ma ba cikakkiya ba ce, domin mun tsaya kan siffa mun manta da hanya ta uku.

Muka ce, Baba, tsukewar kwanson ba ta da laifi, wannan ba za mu ɓoye maka ba. Amma girmansa yana da magana. Kwanson FN tsawonsa milimita 51, na AK 39, albarushin da ke cikin na AK bai fi rabi da ɗan wani abu na wancan ba. Ƙwayar FN na barin baki da gudun mita 840 ko kusa da haka a daƙiƙa, ta AK kuwa wajen 715, ga ta gajera, iska na saurin cin ƙarfinta. A mita 100 ba za ka ga wani bambanci ba. A mita 300, in dukkansu an saita su a kan ɗari, ta AK za ta faɗi ƙasa da inda ka auna da abin da ya haura rabin mita sosai, kusan ninki biyu na faɗuwar ta FN. Idonka da hannunka sun saba da waccan. Ka auna yadda aka koya maka, ƙwayar ta bi tata hanyar. Ƙurar da ka gani a ƙasa da shi, ba gefe ba, ita ce shaida. Da hannunka ne ya yi rawa, da ɗaya ta tafi dama ɗaya hagu. Sannan bindigar ba taka ba ce, ba kai ka saita ta ba, ba ka taɓa gwada ta ko sau ɗaya ba.

Ya yi shiru. Mun so mu tsaya nan. Amma Baba soja ne, ya riga mu isa inda muke gudu. A saman AK akwai ɗan ƙarfen saiti na baya mai lambobi, ana tura shi gaba gwargwadon nisa, 1 na mita ɗari, 3 na ɗari uku. Da an tura shi kan 3, bakin bindiga zai ɗaga ya biya faɗuwar. Ya ce, lambar fa? Muka ce, Baba, kai ka fi mu sanin wannan. Ya ce an nuna musu sau ɗaya a bariki. Ya ce ya daɗe yana ƙoƙarin tuna ko ya dubi lambar a ranar, wani dare ya ga kamar ya tura ta, wani dare ya ga kamar a kan 1 take.

Muka ce mutumin da aka miƙa wa baƙuwar bindiga da safe, aka ce ya tsare rayuka da ita da rana, yana da daƙiƙa nawa na duba lamba? Bai amsa ba. Ya ɗauki takardarmu ya riƙe ta nesa da ido kamar yadda dattawa ke yi, ya daɗe a kan sakin layin da ke maganar PPC. Ya ce, wai da gaske jikan na AK ne? Muka ce da gaske. Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce ashe gidan nasu akwai na kirki.

Ranar zama mun karanta shafi biyun kamar yadda suke, muka ƙara sakin layi ɗaya a kan girman kwanso da faɗuwar ƙwaya, ba tare da ambaton Monrobiya ba. Yaron ya yi ta murna da maganar gawayi, ya ɗan yi sanyi da aka zo kan 1973. Da Shugaba ya tambayi Baba ko yana da abin cewa, sai ya ce a'a, sakatare ya yi aikinsa. Bayan kwana biyu ya aiko jikarsa da saƙo cewa mu rubuta har da nasa labarin mu sa a shafi, saboda akwai 'ya'yanmu uku da ke cikin kaki yanzu, biyu a soja ɗaya a mobal, yana so iyayensu su tura musu. Ya ce a gaya musu duk bindigar da aka miƙa musu, ko ta awa ɗaya ce, su dubi lambar saitin kafin su rataya ta.

Rasit ɗin da ya yi zane a bayansa na kuɗin watan wani ɗan uwa ne mai sayar da goro. Mun rubuta masa sabo, ya zo ofis ya karɓa.